Imamu Gazali: Shi Ya Kashe Falsafa, Ko Shi Ya Shigo Da Ita Zaure?

"Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, da yamma kuma ina ɗaukar karatu a zaure. A makaranta malaminmu ya ce mana Imamu Gazali ne ya kashe falsafa da bincike a ƙasashen Musulmi. A unguwa kuma na ji wani mai wa'azi yana cewa Gazali ne ya cusa wa Musulmi manɗiƙin Girkawa, ya gurɓata musu karatu. Na rasa na kamawa. Wane ne wannan bawan Allah, me ya faɗa a haƙiƙa, kuma ni in karanta manɗiƙi ko in bar shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a ƙunshi ɗaya: tarihin mutumin, ra'ayinsa, da kuma abin da ya kamace ka. Ka lura da wani abu tun daga farko. Mutum biyun da ka ji suna tuhumarsa da laifuka biyu masu karo da juna, ɗaya ya ce ya kori ilmin Girkawa, ɗaya ya ce ya shigo da shi. Kowannensu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, ya saki ɗayan. Abin da Gazali ya yi shi ne ya raba mudu da hatsin da ake aunawa. Ya karɓi mudun masu falsafa, wato manɗiƙi, ilmin ƙa'idojin kafa hujja, ya ce ingantacce ne, sannan ya auna hatsinsu da shi a gaban jama'a, ya ce bai cika ba. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Daga Ɗus zuwa Bagadaza

Sunansa Abu Hamid Muhammad ɗan Muhammad. An haife shi a Ɗus, cikin Khurasan, kusa da birnin Mashhad na Iran ta yau, a wajen shekarar 450 bayan Hijira, wato 1058. Mahaifinsa ya rasu suna yara, ya bar shi da ƙanensa Ahmad a hannun wani abokinsa sufi. Masu tarihinsa suna kawo labarin cewa a hanyarsa ta dawowa daga karatu a Jurjan 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka ɗauke jakar takardunsa. Ya bi su yana roƙo, sai shugabansu ya yi masa dariya, ya ce wane irin ilmi ne wannan da in an karɓe jaka mai shi ya koma jahili? An mayar masa da takardun, shi kuma ya zauna shekara uku yana haddace su.

Daga nan ya tafi Naisaburi wajen Imamul Haramaini Juwaini, babban malamin Shafi'iyya da Ash'ariyya na zamanin. Da malamin ya rasu a 1085 sai ya koma fadar waziri Nizamul Mulk, wanda ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Shi da kansa ya ce ɗalibai ɗari uku yake karantarwa. A tsakankanin wannan aiki ne ya zauna wa littattafan Farabi da Ibnu Sina, manyan masu falsafa na Musulmi, ba tare da malami ba, ƙasa da shekara biyu yana karatu, kusan shekara guda kuma yana juya abin a ransa. Dalilinsa shi ne duk wanda ya yi raddi ga wani fanni bai kai ƙwararrun fannin saninsa ba, jifa yake cikin duhu. Wannan magana kaɗai ta isa ta sa mai wa'azin unguwarku da malamin jami'arku su sake zama su karanta shi.

Me ya karɓa, me ya ƙi

Gazali bai ɗauki falsafa dunƙule ɗaya ba. Ya kasa ta gida shida: lissafi, manɗiƙi, ilmin ɗabi'ar halittu, ilmin Ilahiyya (magana a kan Allah), siyasa, da ɗabi'u. Game da lissafi ya ce babu abin da ya haɗa shi da tabbatar da addini ko kore shi, hujjojinsa yankakku ne, ba a musunsu. Har ya yi kakkausar magana a kan wanda ya kira masoyin Musulunci jahili, mai ƙaryata bayanin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ya ce wanda ya san lissafin husufi da hujja, in aka ce masa addini ya saɓa wa haka, ba lissafin zai yi wa shakka ba, addinin zai yi wa. Wannan ba maganar maƙiyin bincike ba ce.

Manɗiƙi ma haka ya ce: duba ne cikin hanyoyin kafa hujja da sharuɗɗanta, kuma malaman tauhidi da na fiƙihu suna yin irinsa, sunaye ne kawai suka bambanta. Ga misali. Duk abin da yake sa maye haramun ne. Burkutu yana sa maye. Saboda haka burkutu haramun ne. Jumla biyun farko su ake kira muƙaddima, ta ukun natija, kalmar "sa maye" da ta haɗa su kuma ita ce haddi na tsakiya. Wane malamin fiƙihu ne ba ya yin wannan kullum, ko ya taɓa jin sunan Aristotal ko bai taɓa ba?

Rigimarsa tana gida na huɗu, wato Ilahiyya. A cikin Tahafutul Falasifa, littafinsa na raddi ga masu falsafa, wanda ya gama a 1095, ya ɗauko mas'ala ashirin. A goma sha bakwai ya ce bidi'a suka yi, a uku ya kafirta su: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ya san abubuwa a dunƙule ne ba ɗaya-ɗaya ba, da cewa rayuka ne za a tayar ba jikkuna ba. Amma abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne yadda ya yi yaƙin. Bai tsaya jero musu ayoyi ba, domin ya san za su yi tawili. Ce musu ya yi: ku ne kuka gindaya sharuɗɗan burhani, wato yankakkiyar hujja, kuka ce ba a karɓar magana sai an gina ta a kan muƙaddimomi na yaƙini. To mu auna. A lissafi kun cika sharaɗi. A Ilahiyya kuwa kun yi sassauci, kun saka zato a mazaunin yaƙini, mutane kuma suka gaskata ku saboda sun ga ƙwarewarku a lissafi. Da igiyarsu ya ɗaure su.

Wuta da auduga

Mas'ala ta goma sha bakwai ita ce wadda malaminku na jami'a yake nufi, ko ya ambace ta ko bai ambata ba. Gazali ya ce a kawo wuta kusa da auduga, auduga ta ƙone. Me idonka ya gani? Ya ga ƙuna ta faru lokacin da suka haɗu. Bai ga cewa wutar ce da kanta ta wajabta ƙunar ba. Faruwar abu tare da abu daban, faruwarsa saboda abu daban. A wurinsa mai aikatawa na haƙiƙa Allah ne, ya gudanar da al'ada cewa wannan yana bin wancan, kuma yana da ikon keta al'adar, kamar yadda wuta ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Ya san abin da za a ce masa, har shi ya fara faɗa da bakinsa. Ya ce za su ce: ashe ke nan wanda ya bar littafi a gida sai ya ce ban sani ba, ƙila kafin in koma ya rikiɗa ya zama doki, ya ɓata mini ɗakin karatu da fitsari. Amsarsa ita ce yiwuwar abu a hankalce ba ta nufin zai faru. Allah ya halitta mana sanin cewa al'ada za ta ci gaba yadda take, shi ya sa muke shuka muna jiran tsiro, muke shan magani muna jiran sauƙi. Ibnu Rushdi, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, bai gamsu ba. Ya rubuta raddi sukutum, ya ce wanda ya kore sababi ya kore hankali, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Muhawara ce ta manya, kuma ba ta tsaya a kanmu ba: bayan shekara fiye da ɗari shida wani Bature ɗan Sikotilan, David Hume, ya sake tayar da kusan irin wannan tambaya, ba wanda ya ce ya kashe kimiyyar Turai.

Tarihi ma bai goyi bayan zargin ba. An kafa ɗakin duban taurari na Maraga a 1259 ƙarƙashin Nasiruddin Ɗusi, kusan shekara ɗari da hamsin bayan rasuwar Gazali. Ibnu Shaɗir, mai ƙididdigar lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, ya yi aikinsa a kan tafiyar taurari a ƙarni na 14. Manɗiƙi kuwa bayan Gazali ne ya yi kasuwar da bai taɓa yi ba, ya zama darasin makarantun addini daga Fas har Indiya. Koma-bayan da ya samu Musulmi daga baya yana da dalilai masu yawa na yaƙi da tattali da mulki. Ɗora shi a wuyan mutum ɗaya lalaci ne na nazari.

Yadda ya shigar da mudun cikin gida

Nan kuma mai wa'azinku yana da gaskiya ta fuskar labari. Gazali ya rubuta littattafai na manɗiƙi zalla, yana sauya sunayen Girkawa da kalmomin da malaman fiƙihu suka saba da su, yana kawo misalai daga alwala da ciniki. A cikin Ƙisɗasul Mustaƙim ya tafi nesa da haka, ya ce ma'aunan nan guda biyar a cikin Alƙur'ani suke. Ya kawo hujjar Annabi Ibrahim ga sarkin da ya yi da'awar allantaka: Ubangiji shi ne mai fito da rana daga gabas, kai fito da ita daga yamma. Ya kawo ayar Suratul Anbiya mai cewa da akwai wasu alloli a sama da ƙasa ban da Allah da sun ɓaci. Ka duba ginin: da akwai abokin tarayya da an ga ɓaci, ba a ga ɓaci ba, saboda haka babu abokin tarayya. Wannan siga ce da kowane littafin manɗiƙi yake koyarwa. A ƙarshen rayuwarsa, a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhi da ya gama a 1109, ya saka manɗiƙi a gaba, ya ce wanda bai san wannan ba, babu amincewa ga ilminsa ko kaɗan.

Wannan jumla ta jawo masa. Ibnus Salah, malamin hadisi da ya rasu a 1245, ya ba da fatawar haramta manɗiƙi, yana tambaya shin Sahabbai da ba su san shi ba ilminsu ba abin amincewa ba ne? Ibnu Taimiyya ya zo ya rubuta raddi mai zurfi, ba na zagi ba, na wanda ya karanci fannin ciki da bai. Ya ce mai kaifin basira ba ya buƙatarsa, daƙiƙi kuma ba ya amfana da shi. Ɗalibin Gazali ma, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Malikiyya, an ruwaito ya ce malaminsu ya haɗiye masu falsafa, ya so ya amayar da su bai iya ba. Ni a ganina akwai ƙanshin gaskiya a nan, domin wanda ya karanta maganar Gazali a kan rai da hankali zai ji sawun Ibnu Sina a ciki. Jumlar Mustasfa kuwa na fi fahimtarta a kan ma'ana ba a kan sunaye ba. Balarabe na farko bai karanta nahawu ba amma ba ya kuskure a Larabcinsa. Mu da muka zo daga baya sai da nahawu.

Gazali yana da amsa ga masu ƙyamar abu saboda inda ya fito. Ya ce mai raunin hankali yana sanin gaskiya ta hanyar mutane, mai hankali kuwa gaskiyar yake fara sani sannan ya san masu ita. Ya buga misali da zuma: in an zuba ta a ƙahon wanzami, mutum zai ji ƙyama, alhali jini ne abin ƙyama ba ƙahon ba, zuma kuma tana nan zumarta. Amma bai buɗe ƙofar ga kowa ba. Ya ce gardi ba ya wasa da maciji a gaban ƙaramin ɗansa, don kada yaron ya kwaikwaya.

Wannan gardama ta iso ƙasarmu tun da daɗewa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta a kan manɗiƙi, ya kuma yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, wanda yake haramta shi. Hujjar Magili ita ce ta Gazali: a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito, da gaskiya ake gane mutane. Sannan Ahalarin nan da ka fara karatun tsarki da salla da shi, mai shi, Abdurrahman Ahalari na ƙasar Aljeriya, shi ne ya tsara Sullam, waƙen manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya.

Inda mudun ya tsaya

Da labarin ya ƙare a nan da mun ce Gazali mutumin hujja ne kawai. Amma a shekarar da ya gama Tahafut, yana kan ganiyar ɗaukaka, abu ya same shi. Ya duba niyyarsa ta karantarwa ya ga neman suna ne da matsayi. Wata shida yana kai-kawo, yau ya ƙudurta tafiya gobe ya fasa, har harshensa ya ɗaure, ya zo gaban ɗalibai ya kasa furta kalma, abinci ya daina narkewa a cikinsa. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. A watan Zulƙida na 488, ƙarshen 1095, ya raba dukiyarsa, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya nuna Makka za shi, ya nufi Sham. Ya zauna Dimashƙa, yana hawa hasumiyar masallaci ya rufe ƙofa ya wuni. Ya je Ƙudus, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim a garin Khalil, inda ya yi alkawarin ba zai ƙara karɓar kuɗin sarakuna ko shiga zauren jayayya ba, ya yi hajji. A wannan tsakanin ya rubuta babban littafinsa, Ihya'u Ulumiddin. Ya koma karantarwa a Naisaburi a 1106, sannan ya koma Ɗus, ya rasu a 505, wato Disambar 1111.

A littafin da ya ba da tarihin kansa ya faɗi wata shakka da ta taɓa kama shi tun kafin wannan. Ya tuhumi ido: kana kallon inuwa ka rantse a tsaye take, bayan ɗan lokaci ka ga ta gusa, kana ganin tauraro kamar kwabo, lissafi ya ce ya fi duniya girma. Hankali ne ya ƙaryata ido. To wa ya tabbatar babu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Ya kasa kafa hujja, domin kowace hujja da tubalin hankali ake gina ta, tubalin kuma shi ake tuhuma. Kusan wata biyu yana haka, sannan ya warke, kuma ya ce ba da tsara dalili ba ne, da wani haske ne da Allah ya jefa a ƙirjinsa. Ka ga mutumin da ya fi kowa kare manɗiƙi shi ne ya nuna iyakarsa. Mudu yana auna abin da aka zuba masa, ba ya noma hatsi. Ya kuma ce sanin ma'anar lafiya daban, kasancewa lafiyayye daban.

Ina da abin da nake riƙe masa. Ihya'u yana ɗauke da hadisai masu rauni da marasa asali, har Hafiz Iraƙi ya bi su ɗaya-ɗaya ya tace, shi Gazali ma ya amsa cewa jarinsa a hadisi kaɗan ne. Hukuncin kafirci a mas'aloli ukun nan kuma ya zama makami a hannun waɗanda ba su yi karatun da ya yi ba, duk da cewa shi ne ya rubuta littafi guda yana ƙuntata ƙofar kafirta masu salla.

Kai fa?

Ni malamin aji ne, ba mai ba da fatawa ba, don haka abin da na gani zan faɗa maka. Ahalari ya kawo ra'ayi uku a Sullam: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, ingantacce kuma ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. A kan na ukun nake, kuma manɗiƙin da ake karantawa a zaure an riga an tace shi daga Ilahiyyar masu falsafa.

Shekarun da na yi ina karantar da shi, amfaninsa da na fi gani ƙarami ne amma na kullum. Na taɓa rubuta wa ɗalibai a allo: duk ɓarawo yana yawon dare, wane yana yawon dare, saboda haka wane ɓarawo ne. Fiye da rabin ajin suka ce daidai. Wani yaro a baya ya ɗaga hannu ya ce, Malam, babana mai gadi ne. Aka yi dariya, amma daga ranar ba wanda ya manta cewa haddi na tsakiya sai ya game dukkan waɗanda yake nufi, ko da a muƙaddima ɗaya. Ka saurari yadda ake jifan juna da bidi'a da kafirci a Facebook, za ka tarar yawancinsa wannan ginin ne: su wane suna faɗin kaza, kai ma ka faɗi kaza, saboda haka kai su wane ne.

Cutarsa ma na gan ta. Akwai ɗalibin da ya gama Sullam ya koma ba ya jin magana sai ya nemo mata aibu, har da mahaifinsa a kan kuɗin cefane. Akwai kuma wanda yake tsara hujja sumul, siga ba aibu, amma muƙaddimarsa ta farko jita-jita ce da ya tsinta a waya. Manɗiƙi ba zai gaya maka hadisi ya inganta ko bai inganta ba, wannan aikin masu hadisi ne. Ba zai gaya maka magani yana aiki ba, sai an gwada.

Don haka in ka sauke Ahalari da Ishmawi, ka yi nisa a Risala, nahawunka ya zauna, ka nemi malami ka ɗauki Sullam baki da baki, baitocinsa ba su kai ɗari da hamsin ba. Kada ka fara da Tahafut, zai yi maka nauyi yanzu. Ka fara da Munƙiz, tarihin da ya rubuta na kansa, gajere ne, za ka iya gama shi a hutun mako guda. In ka gama, ka kai wa malaminku na jami'a shafin da yake maganar husufi, ka tambaye shi cikin ladabi yadda yake fahimtarsa.